Gulbin Kaba ta Idon Tsohuwar Kyamara: Daga Tasawa zuwa Mayahi

Gulbin Kaba, wanda ya taso daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya shigo Nijar ya ratsa gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi, sa'annan ya karkata yamma da kudu ya sake komawa Najeriya wajen kwarin Rima, yana cikin kogunan da masana ƙasa ke kira matattu, wato kwarurrukan da ruwa ya haƙa a wani zamani mai nisa da damina ta fi ta yau ƙarfi, amma yanzu ba ya gudana a cikinsu sai jefi-jefi, a shekarar da sama ta yi albarka. Ya bambanta da Gulbin Maraɗi, wanda har yau yakan kawo ruwa kowace damina ya cika tafkin Madarunfa, ko da yake madatsar Jibiya da aka gina a jihar Katsina ta sauya masa hali. Don haka matafiyin da ya rataya kyamara ya nufi Mayahi da niyyar ɗaukar hoton kogi, idan abin da yake sa rai shi ne ruwa mai ambaliya da kwalekwale da masunta, zai yi ta tambayar ina gulbin yake alhali yana tsaye a tsakiyarsa. Ana gane wannan gulbi ne da alamunsa: gangarowar ƙasa daga jigawa, wato tudun rairayi inda ake noman hatsi, zuwa fadama mai duhun turɓaya, kusancin ruwan rijiya, da kuma goruba, wadda ta bi kwarin tun daga farkonsa, kuma ƙananan tsironta da ake kira kaba su ne suka ba shi suna.

Hanyar zuwa ba ta da wuyar bayani. Babbar kwalta ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Yamai da Damagaram, ita ce ke ɗaukar mutum daga Maraɗi ta bi da shi Agye da Gazawa har Tasawa, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, kuma daga Tasawa ake yin arewa maso yamma zuwa Mayahi, inda garuruwa irin su Kanan Bakashe suke zaune a gefen kwarin. Da zarar an bar babbar hanya, kabu-kabu, wato babur na haya, da amalanken shanu su ne sarakunan tafiya, domin rairayi ba ya ragawa ƙaramar mota.

Tasawa ta daɗe da sanin baƙi masu kallo da rubutawa. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin tare da abokin tafiyarsa Adolf Overweg bayan sun ƙetaro hamada ta Ayar da Damargu, kuma daga nan ya wuce Gazawa da Katsina zuwa Kano. Barth bai riƙe kyamara ba. Da alƙalami yake zana abin da ya gani, kuma daga zane-zanensa ne wani mai zane a Turai ya fitar da hotunan da aka buga cikin littafinsa a 1857 da 1858, hotunan da yawancin mutanen ƙasashen da ya ratsa ba su taɓa sa su a ido ba. Shekara 48 bayan zuwan Barth, a watan Yulin 1899, a wannan yanki ne rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa ta kashe bayin Allah a kan hanyarta, ta watse, bayan an harbe wani hafsan Faransa, Kanar Klobb, a Dankori, sojojin kuma suka juya wa shugabanninsu biyu baya suka kashe su a kusa da Maijirgi, inda kaburburansu suke. Tasawa ce ta riƙe mazaunin mulkin Faransawa na yankin kafin a mayar da shi Maraɗi a 1927. Abin lura a wannan tarihi, ga mai ɗaukar hoto, shi ne cewa kusan duk siffar da aka ɗauka ta wannan ƙasa a wancan zamani fita aka yi da ita, ta tafi ɗakunan ajiya na Turai, kuma manomin da ke son sanin yadda bakin gulbin garinsu yake a zamanin kakansa ba shi da abin dubawa sai bakin dattawa.

Tsofaffin kyamarorin da za su iya taimakawa wajen cike wannan giɓi su ne ƙananan nan na aljihu da suka cika duniya daga wajen shekarar 2000 zuwa 2010, irin su Canon PowerShot da IXUS, da Nikon Coolpix, da Sony Cyber-shot, da Fujifilm FinePix, da na kamfanonin Olympus da Kodak. Asalinsu ya koma ga wani ɗan faranti mai kama haske da ake kira CCD, wanda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Amurka a 1969, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2009, kuma da irinsa ne injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Cinikinsu ya kai ƙololuwa a 2010, lokacin da kamfanonin Japan suka fitar da sama da miliyan 120 a shekara guda, sa'annan wayar hannu ta karya kasuwar har adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 10 a 2020. Waɗanda aka yar a Turai da Amurka su ne suka gangaro kasuwannin gwanjo na Legas da Kwatano da Kano da Maraɗi, suka faɗa hannun masu ɗaukar hoton biki da na fasfo, da ma'aikatan ayyukan raya karkara waɗanda ake buƙatar su haɗa rahotonsu da hoton rijiya ko na gandun dashe. Daga wajen 2022 kuma matasa a ƙasashen da suka yar da su suka sake waiwayarsu, suna baje hotunansu a TikTok da Instagram, suna cewa launinsu ya yi kama da na fim, har farashinsu ya tashi. Wannan yabo akwai ƙari a cikinsa, domin launin hoto ya fi dogara ga matatar launi da ke bisa farantin da kuma lissafin da kamfani ya sanya wa kyamarar, ba ga sunan farantin kawai ba. Amma akwai wata gaskiya a ƙarƙashinsa wadda ta shafi Gulbin Kaba kai tsaye.

Wayar zamani, idan aka danna ta, ba hoto ɗaya take ɗauka ba: takan ɗauki da yawa cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su, ta haskaka inuwa, ta ƙara wa sama shuɗi, ta ƙara wa ganye kore, domin an gina ta ne ta faranta wa mai ita rai. Sakamakon haka shi ne fadamar da ta sha kiwo har ciyawarta ta ƙare tana iya fitowa a waya shar da ita, kuma hazon hunturu da ya rufe sararin Mayahi ya ɓace kamar ba a yi shi ba. Tsohuwar kyamara ba ta da wannan wayo. Ita ma tana gyara hoto, amma gyaranta kaɗan ne kuma iri ɗaya ne kullum, saboda haka hoton da ta ɗauka a watan Agusta da wanda ta ɗauka a watan Maris a wuri guda ana iya ajiye su gefe da gefe a yarda cewa bambancin da ke tsakaninsu na ƙasar ne, ba na na'urar ba. Tana kuma da gilashi mai jawo nesa kusa da gaske, galibi ninki uku ko fiye, wanda ƙananan wayoyin da suka fi yawa a karkara ba su da shi, kuma da shi ake iya ɗaukar garken da ke shan ruwa a ɗaya gefen tafki ba tare da an firgita shi ba.

Rauninta kuwa rana ce ke tona shi. Farantin da ke cikin yawancin waɗannan kyamarori bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, kuma ba ya iya riƙe haske mai tsanani da inuwa mai duhu a lokaci guda, ta yadda idan aka ɗauki kwarin da tsakar rana sama takan fito fari fat, rairayi ya ƙone, ƙarƙashin itatuwa kuma ya zama baƙi ƙirin. Masu sanin kan abin suna fita ne bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana fitar da tudu da kwari, kuma sukan rage hasken kyamarar da mataki ɗaya ta maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi, domin inuwar da ta yi duhu ana iya ceto ta daga baya, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu: bakin gilashin yana fitowa ne ya koma da ƙananan haƙora na roba, kuma ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta maƙale shi, shi ya sa ake naɗe kyamarar cikin leda da ƙyalle a kan babur, ba a kuma kunna ta a fuskanci iska. Batirin asali na yawancinsu ya riga ya mutu ko ya kumbura, don haka waɗanda ke cin batir irin na tocila ƙarama, mai lamba AA, sun fi amfani a ƙauyen da cajinsa ya dogara ga mai shagon faranti mai aiki da hasken rana. Katin ajiya ma da nasa sharaɗi, domin kyamarorin da aka ƙera kafin 2006 da yawansu ba sa karanta katin da ya wuce giga 2, na Sony da Olympus da Fujifilm kuma suna da nasu katunan na daban waɗanda samunsu a yau sai an sha yawo.

Goruba ita ce ta fi komai kyau a hoto a wannan kwari, kuma ita ce ta fi komai ba da labari. Ta bambanta da giginya da dabino domin gangar jikinta tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, saboda haka ko daga nesa, ko cikin hazo, siffarta ba ta ɓoyuwa. Amma wanda ya zuba ido sosai zai lura cewa a wurare da yawa manyan gorubai tsiraru ne, tsofaffi, a warwatse, ƙasa kuwa ta cika da kaba mai tsayin gwiwa ko ƙugu, kuma tsakanin tsofaffin da jariran babu matasa. Dalilin yana hannun mutane: mata da yara suna yankar sabon ganyen kaba tun yana ɗanye, su shanya shi, su tsaga, a saƙa tabarma da igiya da faifai da kwando da hular malfa, a ɗaure sauran dami-dami a kai kasuwa, kuma tsiron da ake yanke wa kai kowace shekara ba ya samun sukunin zama itace. Ba abin zargi ba ne a ƙasar da hatsin rumbu kan ƙare kafin sabo ya nuna, kuma kuɗin tabarma ne ke sayen tiyar da za a ci. Sai dai hoton da ya nuna gorubai uku a tsaye cikin tekun kaba ya faɗi abin da dogon rahoto zai yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Kusa da ita akwai gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, har baƙon da bai san halinsa ba ya ɗauka matacce ne a watan Agusta. Akwai kalgo da sabara da aduwa da magarya. Akwai kuma garmani, ciyawar da dabbobi ba su cika so ba, wadda ta mamaye makiyaya da burtali da yawa a jihar Maraɗi, kuma korenta a hoto yana ruɗin wanda bai san cewa alamar lalacewar makiyaya ce ba.

Ruwan da ake gani a fili shi ne na tafkuna, waɗanda ke cika daga Yuli zuwa Satumba, wasu su ƙafe kafin sanyi ya shiga, wasu su kai tsakiyar rani. A bakinsu ne rayuwar kwarin ke taruwa: Fulani da Buzaye masu hawa arewa da damina su gangaro bayan girbi, masu bugun tubali da ke haƙar laka a gefen da ruwa ya janye, balbelu a bayan shanu, da shamuwa wadda isowarta ke shaida wa manomi cewa shuka ta kusa. Burtali, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi tsakanin gonaki, yana ratsa kwarin a wurare da dama, kuma tun da aka kafa dokar karkara ta 1993 hukumomin kula da filaye suke ƙoƙarin shata iyakokinsa. A nan hoto yakan tashi daga abin sha'awa ya koma abin shaida, kuma mai ɗauka ya kamata ya san cewa hoton gonar da ta ci burtali ba wasa ba ne a wurin mai gonar, ba wasa ba ne kuma a wurin makiyayi.

Saboda haka ne ladabin shiga gari ya zama rabin aikin. Baƙo yakan fara da ƙofar mai gari, ya tuɓe takalmi, ya ce ranka ya daɗe, ya faɗi daga inda ya fito da abin da ya kawo shi, kuma sau da yawa a haɗa shi da yaro ko dattijon da zai nuna masa inda ruwa ya tsaya a shekarar da aka yi babbar ambaliya da inda tsohuwar rijiya take. A bakin rijiya ba a ɗaga kyamara kafin a ce sannunku da aiki, Inna, a kuma nemi izini, domin matan aure da yawa ba sa son a ɗauke su, wasu kuma sukan ce a dakata su gyara lulluɓi; yara ne kawai ba sa buƙatar roƙo, su da ke rugowa suna cewa a ɗauke mu, sa'annan su yi cincirindo a kan ɗan allon bayan kyamarar suna nuna juna suna dariya. Gadoji da shingayen jami'an tsaro da gine-ginen hukuma kuwa barinsu ya fi, musamman a 'yan shekarun nan da sha'anin tsaro ya tsananta a kan iyaka.

Darajar irin waɗannan hotuna ta riga ta bayyana a wannan jiha ta wata hanya. Bayan farin 1973 da na 1984 an ɗauka cewa ƙasar noma ta Maraɗi da Damagaram ta zama fako har abada, amma manoma, da taimakon ayyuka irin wanda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara a Maraɗi a 1983, suka koma barin tohon kututturan da ke gonakinsu suna yi musu aski maimakon sassabe su, dabarar da ake kira sassaben zamani. Duniya ba ta gaskata girman abin ba sai da masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan da Chris Reij, suka jera hotunan sama na 1975 kusa da na tauraron ɗan'adam na bayan shekarar 2000, aka ga itatuwa sun ninka a gonakin da a da suke tsirara, har aka ƙiyasta fili mai faɗin eka miliyan 12, wato hekta miliyan 5, ya farfaɗo. Hoton farko da aka ɗauka a 1975 ba don wannan aka ɗauke shi ba. Abin da ya ba shi amfani shi ne an san ranarsa, an san wurinsa.

A nan ne rarraba hotuna ke da tarko. Kowace kyamarar dijital tana rubuta wasu bayanai a ɓoye cikin hoton, waɗanda ake kira EXIF, da suka haɗa da rana da sa'a da sunan na'ura, amma tsofaffin ba su san wurin da suke ba domin ba sa magana da tauraron ɗan'adam, kuma agogonsu yakan koma shekarar da aka ƙera su duk lokacin da batir ya daɗe a cire, ta yadda hoton tafkin da aka ɗauka bana zai iya fitowa da tambarin 2005. Wanda bai daidaita agogon ba kafin ya fita, bai kuma riƙe ɗan littafin da zai rubuta sunan gari da gefen da ya fuskanta ba, zai koma gida da kyawawan hotunan da shi kansa ba zai iya bambance na Kanan Bakashe da na garin Sarkin Hausa ba bayan shekara biyu. Sa'annan hanyar da hoton ke bi zuwa ga jama'a tana ƙara tatse shi: ana zare katin a sa a 'yar na'urar karanta kati mai shiga gindin waya, daga nan a tura ta Bluetooth ko Xender ga na kusa, ko ta WhatsApp da Facebook ga 'yan gari da ke ci-rani a Kano da Legas da Agadas da Libiya, waɗanda ganin tafkin garinsu cike yake zame musu labarin damina mafi gaskiya. WhatsApp yana matse hoto ya rage nauyinsa ya kuma goge ɓoyayyun bayanansa, sai dai idan an tura shi a matsayin takarda, abin da ke cin kuɗin intanet fiye da yadda mutane da yawa za su so. Hoton da ya zaga hannu goma yakan rasa sunan wurinsa tun a hannu na biyu, kuma ba abin mamaki ba ne a gan shi daga baya an laƙaba masa sunan wani gari, ko an ce ambaliyar bana ce alhali ta shekarun baya ce. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta wuri da rana a jikin saƙon kowane hoto, a kuma ajiye na asali a wuri biyu ba tare da an taɓa shi ba.

Wankin hoto a takarda, wanda ake ganin ya zama tsohon yayi, shi ne har yanzu hanyar da ta fi isa ga mutanen da aka ɗauka a gonakinsu, musamman dattawa da matan da ba su riƙe babbar waya. Kyamara mai ɗigo miliyan 5, wadda yau ake rainawa, ta wadatar da hoto mai girman santimita 10 da 15 har da rara, tunda miliyan 2 da 'yan kai kawai wannan girma ke buƙata, kuma masu shagon hoto a Tasawa da Maraɗi suna fitar da shi daga kati ko daga waya. Irin wannan takarda tana kodewa idan aka liƙa ta a bango inda rana ke bugu, saboda haka cikin littafi ko ambulan ake adana ta, a rubuta sunan gari da ranar ɗauka da gefen da aka fuskanta a bayanta da fensir, domin tawadar biro takan huda ta ɓata fuskar hoton, a bar kofi ɗaya a gidan mai gari, ɗaya kuma a hannun malamin makarantar garin.